Lambun Yaro: Jagora Daga Ƙwayar Iri Har Zuwa Loma

Da wuya ka shiga gida mai yara ba ka tarar da wanda ke tsince koren abu daga abincinsa ba, ɗaya bayan ɗaya, yana jerawa a gefen faranti. A yi lallashi, a yi faɗa, a yi alƙawarin alewa, gobe a koma gidan jiya. Hanyar da zan bi da ku a nan dabam ce: a ba yaron ƙasa da iri, ya shuka da hannunsa, ya yi wa shukar hidima har ta isa ci. Sai dai kafin ku ɗauki fartanya, gara mu san abin da lambu ke iya yi da wanda ba ya iyawa. Uban da ya shiga da tsammanin cikin wata guda ɗansa zai koma cin ganye kwano-kwano zai karaya, kuma karayar babba ta fi kwari kashe lambun yara.

Abin da ke tsakanin yaro da ganye

Ƙin ganye ba rashin tarbiyya ba ne. Da son zaƙi da ƙin ɗaci ake haihuwar ɗan Adam, kuma kayan lambu da yawa suna da ɗan ɗaci ko bauri wanda harshen babba ya daɗe da daina lura da shi. Daga wajen shekara 2 zuwa 6 yara kan shiga wani lokaci na ƙyamar duk abincin da ba su saba da shi ba. Wanda ke cin komai yana ɗan wata 10, sai ya kai shekara 3 ya rufe baki gam. Akwai kuma gado. Wata ƙwayar halitta da masana ke kira TAS2R38 tana sa wasu mutane su ji ɗacin kabeji da danginsa fiye da wasu. Don haka idan yarinya ta ce miki "Umma, da ɗaci" alhali ke ba ki ji ba, mai yiwuwa gaskiyarta ce.

Maganin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne sabo. Leann Birch, masaniyar halayyar yara a Amurka, ta nuna tun shekarun 1980 cewa yaro yakan karɓi sabon abinci ne bayan ya ɗanɗana shi sau da dama, galibi sau 8 zuwa 15, alhali iyaye da yawa tun gwaji na uku ko na biyar suke yanke hukuncin "ba ya so". Ta kuma gano cewa kallo kaɗai bai isa ba, sai abin ya taɓa harshe. A 2003 Jane Wardle da abokan aikinta a Landan suka sa iyaye su riƙa ba 'ya'yansu ɗan mitsitsin yanki na kayan lambun da ba sa so, kullum har kwana 14. Son abin ya ƙaru, cinsa ma ya ƙaru.

A nan lambu ya shigo. Yaron da ya shafe mako biyar yana duba latas ɗinsa, yana taɓawa, yana shinshinawa, yana cire masa tsutsa, ba baƙon abu yake gani a faranti ba, kuma yana da dalilin kansa na son jin yadda yake a baki. Nazarce-nazarcen lambunan makaranta sun fi haɗuwa a kan wannan: yara sun fi yarda su ɗanɗana, sun fi cewa suna so. Yawan abin da suke ci a rana kuwa ba ya saurin motsawa. Wani gwaji a makarantun firamare na Landan da aka wallafa a 2014 ya gano cewa lambu shi kaɗai bai ƙara yawan cin ba, sai a makarantun da suka duƙufa a kansa sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya ci aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, ɗan 6 zuwa 9 giram 350, daga 10 zuwa sama giram 400. Bokiti uku na shukar yaro ba za su samar da wannan ba. Aikinsu su buɗe bakin yaron, sauran kayan kuma su zo daga inda kuka saba samowa.

Mataki na 1: Ku ba shi nasa na kansa

Idan za ku manta da komai a jagorar nan, kada ku manta da wannan. Yaron da ake kira ya taya Baba ban ruwa ɗan aike ne. Wanda aka ce masa "wannan naka ne" manomi ne, kuma ba ɗaya suke kallon abin da ya fito ba. Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya kafa makarantar ƙananan yara ta Kindergarten a 1840, ya tsara lambun makarantar yadda kowane yaro zai sami 'yar gonarsa ya shuka abin da ya ga dama, ga kuma gonar gama-gari a kewaye.

Ku fara da kaɗan. Ɗan shekara 3 ko 4, mazubi biyu sun ishe shi. Ɗan 6 zuwa sama zai iya riƙe fili mita 1 a tsaye, santimita 60 a faɗi, yadda hannunsa zai kai tsakiya ba tare da ya taka ƙasar ba. Ya rubuta sunansa a ɗan katako ya kafa. Idan yaran suna da yawa, kowa da nasa, ko da ƙanƙani ne, domin gonar haɗin gwiwa takan koma hannun babba a cikinsu, ƙannen su zama 'yan kallo.

Mallakar tana da sharaɗi mai nauyi a kanku: kada ku bi bayansa kuna gyara. Layinsa zai karkace, zai zuba iri tuli a rami ɗaya. Ku nuna masa sau ɗaya a naku mazubin, sannan ku ƙyale shi. Yara suna gane an taɓa musu abu, kuma daga ranar da ya gane, gonar ta koma taku.

Mataki na 2: Wuri, mazubi da ƙasa

Neman rana aiki ne da yaro zai iya. Ku ba shi alli ya zagaya da safe, da azahar, da la'asar, yana zana inda rana ta tsaya. Tumatir, wake da kokwamba suna son rana ta awa 6 ko fiye. Ganyaye kamar latas suna haƙuri da awa 4. A cikin wuraren da suka dace, ku zaɓi wanda yake wucewa ta gabansa kullum, don lambun da ke lungu mantawa ake yi da shi.

Tsohon bokiti, baho ko buhu duk suna aiki muddin an huda gindinsu ruwa ya riƙa fita. Ban da wanda aka taɓa zuba fenti, mai ko maganin kwari a ciki. Latas da alayyahu zurfin santimita 15 zuwa 20 ya ishe su, karas yana son 25 zuwa 30, tumatir kuma gindi ɗaya a bokiti mai cin lita 20. Ku gauraya kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. In ƙasar laka ce, ku ƙara yashi. Yaron ya dunƙula ta da ɗan danshi a tafinsa: in ta dunƙule kuma ta warware da an taɓa ta da yatsa, ta yi.

Mataki na 3: Zaɓen iri

Wata uku a wajen ɗan shekara biyar zamani ne mai tsawo. Shi ya sa nake ba da shawarar iri uku kawai a karon farko, kowanne da aikinsa.

Na farko mai sauri, wanda zai riƙe hankalinsa. Alayyahu yana tsirowa cikin 'yan kwanaki, a fara tsinkarsa cikin mako 3 zuwa 5. Gindin albasa mai lawashi da aka yanke aka bar saiwarsa, in aka tsoma a kofin ruwa, kafin mako ya zagayo ya sako sabon kore. Na biyu mai daɗi, wanda kusan tabbas zai so: ƙananan tumatir, karas ko kokwamba. Kokwamba yana ba da 'ya'ya cikin kwana 50 zuwa 70, tumatir kuma wajen kwana 60 zuwa 85 bayan dashe. Na uku shi ne wanda yake ɗan ƙi. Ku lura, wanda yake ɗan yamutsa fuska a kansa, ba wanda ya fi tsana a duniya ba. Wancan ku bar shi sai zagaye na gaba.

Ku ajiye masa iri biyar ko shida da kuka san za su yi a yanayinku da lokacin da ake ciki, shi ya zaɓi ukun. Ku yi la'akari da zafi: irin latas yakan ƙi tsirowa idan zafin ƙasa ya kusanci digiri 30, don haka na lokacin sanyi ne. Karas kuma yakan yi mako 2 zuwa 3 bai leƙo ba. Ku faɗa wa yaron tun ranar shuka, kada ya ɗauka ya mutu ya tone. Irin da kuka ga an rina shi ja ko shuɗi, magani aka shafa masa. Ku nemi marar magani, in babu kuma babba ne zai taɓa shi.

Mataki na 4: Wake a kwalba

Wahalar makon farko ita ce komai a ƙarƙashin ƙasa yake faruwa. Ranar da kuka yi shuka, ku jiƙa ƙwayar wake uku su kwana a ruwa. Washegari ku cusa jiƙaƙƙiyar auduga a kwalba mai haske, ku saƙala waken tsakanin audugar da jikin kwalbar, ku kife ɗaya da gangan. Kwana biyu ko uku sai fatar ta tsage, wani farin tsinke ya leƙo, ya lanƙwasa ya nufi ƙasa, har na wanda aka kife. Daga jikinsa wasu ƙananan saiwoyi su fito ta gefe. Sannan kara ya taso a duƙe, ya miƙe a hankali, ya ɗago ɓari biyu na waken sama, busasshiyar fatar na maƙale a kansu kamar hula, kafin ganyen farko su buɗe. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya san abin da ke gudana a bokitinsa, sai ya daina tono.

Mataki na 5: Ranar shuka

Zurfin rami ninki biyu ko uku na kaurin irin. Ga wake da kokwamba, gaɓar farko ta yatsan yaron ma'auni ce mai kyau. Ƙananan iri kamar alayyahu, latas da karas a cakuɗa su da yashi a barbaɗa, a rufe da ƙasa sama-sama. Ban ruwan farko da gwangwanin da aka yi wa ƙananan huji, don ruwan bokiti kwashe irin yake yi. Ya rubuta sunan abin da kwanan wata. In bai iya rubutu ba, ya zana.

Mataki na 6: Makonnin jira

A nan yawancin lambunan yara suke mutuwa. Ɗokin shuka ya wuce, girbi bai zo ba. Abin da ke ceton su shi ne ziyara gajeriya kullum, minti biyar zuwa goma, a lokaci ɗaya, kuma tare da ku. Kada ta zama horo ko umarnin da ake jefowa daga ɗaki.

Yara sun fi kashe shuka da yawan ruwa. Ku koya masa ya soka yatsa a ƙasa: in ya fito da danshi, a bari sai gobe, in ya fito a bushe, a ba ta har ruwa ya fito ta gindi. Da safe ya fi. Mazubi ya fi fili saurin bushewa, kuma busasshiyar ciyawa da aka shimfiɗa a saman ƙasa tana riƙe danshi.

Idan tsiron ya yi ganye uku ko huɗu, sai ragewa: santimita 5 tsakanin karas, 20 zuwa 25 tsakanin latas. Yara ba sa son wannan, don gani suke ana kashe musu shuka. Ku bayyana masa cewa cunkoso ne zai hana kowa girma, sannan ku wanke 'yan latas ɗin da aka cire, ku jefa ɗaya a bakinku a gabansa, ba tare da kun ce masa komai ba. Ganyen yana da taushi, ɗacinsa kaɗan ne, kuma sau da yawa a nan ake samun ɗanɗanon farko.

Ku ba shi abin dubawa. Sanda a gefen tumatir da zai riƙa yi wa alama duk mako. Furen kokwamba iri biyu ne, macen tana da ɗan ƙaramin kokwamba a bayanta, namijin babu. Ya nemo su, ya jira ya ga ƙudan zuma yana kai-komo a tsakaninsu. Tsutsa da dodon koɗi a tsince da hannu. Ƙananan kwarin da ke maƙalewa a bayan ganye a fesa musu ruwa su zube. Maganin kwari ba shi da wuri a lambun da yaro ke tsinka yana kaiwa baki.

Wata shukar za ta mutu. Kada ku sayo wata ku musanya a ɓoye. Ku tumɓuke ta tare ku duba saiwar: in ta yi baƙi tana wari, ruwa ne ya yi yawa, in an datse karan daga gindi, tsutsa ce. Ku sake shuka a ranar. In kuna zuba sabon irin ganye duk mako biyu, asara ɗaya ba za ta bar shi hannu rabbana ba.

Mataki na 7: Kiyaye lafiyarsa

Doka ɗaya tun ranar farko: ba a cin komai sai an nuna wa babba. Ganyen tumatir da na dankalin turawa ba abinci ba ne, haka dankalin da ya yi kore, kuma busasshen wake ba a cinsa ɗanye. Ɗanyen kashin dabbobi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, sai wanda ya ruɓe sarai. A kuma kare wurin daga kuliyoyi. Idan filin yana gefen babban titi ko tsohon gini mai ɓarɓashin fenti, ƙasar na iya ƙunsar gubar dalma, gara mazubi da ƙasar da aka kawo daga wani wuri. Kada a bar bokiti da ruwa a buɗe: ɗan tatata yana iya nutsewa a ruwa kaɗan, sauro ma a nan yake ƙyanƙyasa. A tabbatar rigakafinsa na tetanus ya cika, a wanke hannu da sabulu bayan aiki. Ga 'yan ƙasa da shekara 5, a tsaga ƙananan tumatir gida huɗu a tsaye, karas kuma a goga shi ko a ɗan dafa, saboda shaƙewa.

Mataki na 8: Girbi a kan kari

Mutane suna ɗauka duk abin da aka noma a gida ya fi daɗi. Ba kullum ba. Latas da ya fara miƙewa zai yi fure ɗaci ne da shi. Kokwamban da ya sha ƙishirwa ko ya tsufa har ya yi rawaya, shi ma haka. Koren wake da ya wuce lokaci sai zare. Yaron da lomarsa ta farko ta faɗa kan irin wannan ya sami hujjar cewa dama gaskiyarsa ce. Saboda haka ku tsinka da ƙuruciya, da sanyin safiya, kuma ku fara ɗanɗanawa kafin shi. Tumatir ne kawai za a bari ya nuna sosai a jikin uwarsa.

Girbin da hannunsa za a yi. Karas ya fi komai armashi: a jiƙa ƙasar, ya kama ganyen daga gindi, ya ɗan girgiza, ya ja. Zai fito wataƙila gajere, ko da ƙafa biyu don ya ci karo da dutse, ƙasa na zuba daga jikinsa, ƙamshinsa na tashi. Ya wanke da kansa a ga launin ya bayyana. Kada ku kwatanta shi da na sayarwa.

Mataki na 9: Daga lambu zuwa faranti

Manyan shirye-shiryen lambun makaranta da suka yi suna ba su tsaya a noma ba. Alice Waters da ta fara nata a Berkeley ta jihar Kalifoniya a 1995, da Stephanie Alexander da ta fara a Melbourne ta Ostareliya a 2001, dukansu sun haɗa lambun da ɗakin girki. Ku ma kada ku karɓe girbin daga hannunsa a ƙofar kicin. Ya wanke, ya yayyaga ganye, ya juya, in ya girma ya yanka a gabanku. A karon farko ku bar abin a siffar da zai gane shi. In ya narke a cikin girki, alaƙarsa da bokitin ta yanke. Ɗan gishiri, ɗan mai ko matsin lemon tsami suna danne ɗaci, ba laifi ba ne a sa.

Sai abin da ya fi wuya, wato riƙe baki. "Kai ka shuka, dole ka cinye" tana rushe aikin wata biyu cikin daƙiƙa, domin ta nuna masa lambun tarko ne. An gwada an gani: matsa wa yaro ya ci yana rage son abin, kuma "ci ganye in ba ka alewa" yana ɗaga darajar alewar ne ya zubar da ta ganyen. Ku sa masa ɗan yanki kamar ƙwayar wake. Yana da damar ya lasa, ya tauna ya tofar, ko ya ƙi. Duk wanda ya taɓa harshe ya shiga lissafin sau 8 zuwa 15 ɗin nan. Maimakon "da daɗi?", wadda amsarta a shirye take, ku tambaye shi: yana ƙara in an tauna? Wanne ya fi zaƙi, kan karas ɗin ko jelarsa?

Ku ci a gabansa da gaske. Ku bar shi ya raba wa mutanen gida, ya ji Kaka ta ce, "Wannan tumatir ɗin wa ya noma shi?" In akwai wani yaro mai cin abin, ku zaunar da su tare, Birch ta nuna tun 1980 cewa ƙananan yara kan sauya zaɓinsu cikin 'yan kwanaki idan suna ci tare da tsararsu masu son wani kayan lambun. Idan kuwa ya raba wa kowa shi bai ci ba, ku yaba noman, ku sake kawowa jibi. Amma yaron da abincin da yake yarda da shi bai wuce 'yan ƙalilan ba, yana ramewa ko yana yunƙurin amai da ganin abinci, wannan ya wuce lambu, a kai shi likita ya duba.

Mataki na 10: Zagaye na biyu

Wasu yaran sukan ce nasu kawai za su ci. Ku sayo makamancinsa a kasuwa, ku yanka biyun ku ajiye gefe da gefe, ya rufe ido ya ɗanɗana ya faɗi wanne ne nasa. Ko ya canka ko bai canka ba, ya ci na sayen. Daga nan sai a shigo da ganyen da ya fi ƙi, a ba shi mazubi guda a cikin sabuwar shuka.

Ku bar kwanson wake biyu ko uku su bushe a jikin shukar har su riƙa kaɗawa, ya ɓare, ya shanya a inuwa, ya zuba a takarda ya rubuta suna da shekara, a ajiye inda babu danshi. Ku juye ƙasar mazuban ku ƙara taki, kuma kada a maimaita tumatir a ƙasar da ya tashi, a sa wake ko ganye a wurin. In fakitin da kuka fara da shi an rubuta F1 a jiki, irin haɗi ne, 'ya'yansa ba lalle su yi kama da shi ba, don haka na tumatir da kokwamba irin wannan gara a sayo sabo.